Ko ni, ko shi

Assalamu alaikum. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba, domin 'yan uwana suna nan zaune a Kano da 'ya'yansu da surukansu, ba su ji ba ba su gani ba, bai kamata labarina ya zame musu abin nuni a unguwa ba.

Ni tela ne, ɗan cikin birni, haihuwar tsakiyar shekarun 1980, kuma ni ne auta a ɗakinmu. Mahaifinmu yana da rumfa a Kantin Kwari, Umma kuwa tana ɗinki a gida da keken Butterfly mai ƙafa. Yayyena maza sun tashi a ƙwallo da bin kasuwa, ni na tashi a gindin keken nan ina tsince ƙyallaye, ina zura mata zare a allura da idonta ya fara rauni. Kafin in gama firamare na iya yanka buba ba tare da alli ba. Na kuma kwashi abubuwan da ban san ina kwasa ba: yadda mata ke tafa hannu idan zance ya yi daɗi, yadda suke riƙe haɓa, yadda suke jan magana. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini, duka kuma bai cire mini ba, ko da yake an gwada.

Wata ɗaya ne a shekara halina yake da kasuwa, watan azumi. Daga goma ga wata yara ke fita tashe, a tashe kuwa an yarda kowa ya zama abin da ba shi ba. 'Yan mata su sa wa ɗayarsu babbar riga da hula ta zama Daudu mijin Mairama, samari su liƙa gemun auduga su zama tsofaffi. Ni zanin Umma nake ɗaurawa, in kafa ɗankwali, in fito a matar da ta kawo ƙarar miji. Mu shiga gida, mata su yi ta dariya har da riƙe ciki, a ba mu gero, a ba mu 'yan kwabbai, wata ma ta ce a sake. Da an yi salla kuwa, tafiyar nan da aka biya ni kuɗi a kanta ita za ta jawo mini ranƙwashi a hanyar makarantar allo.

Da na balaga na gane zuciyata ba ta karkata inda ta abokaina ke karkata. Na yi kuka, na yi azumin nafila, na sha rubutu wanda na nema da kaina ba tare da na faɗa wa malamin ainihin damuwata ba. Ni Musulmi ne, na san abin da malamai suka ce, kuma ban zo nan don in ja da kowa a kan hukunci ba. Wannan tsakanina da Ubangijina ne. Abin da na zo faɗa ya shafi mutane ne, da yadda suke yi da wanda ke zaune a tsakiyarsu.

Akwai wani tsohon ɗan daudu da ke tuyar kaji da dafa shinkafa a kusa da wata tasha, shi ya fara kallona ya ce, "Zauna, 'yar nan, ki ci abinci." An ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. Ni ina da uwa, abin da na rasa shi ne wanda zan yi magana a gabansa ba tare da na gyara murya ba. A rumfarsa na ji tarihin da ba a rubutawa, cewa babu wani babban biki a garin nan da aka yi ba da hannunsu ba, su ne girki, su ne kwalliyar amarya, su ne ke tayar da fili idan kiɗan ƙwarya ya yi sanyi. Bayan Kano ta bi sahun Zamfara a 2000, irin waɗannan rumfuna suka yi ta rufewa. Wasu suka nufi Abuja, wasu Legas, wasu Saudiyya, shi ma ya tattara ya tafi.

A wannan tsakanin na shiga wata ƙungiyar wasan kwaikwayo ta unguwa. Mu ba 'yan fim ba ne, ko da yake kowa a cikinmu yana mafarkin a ga fuskarsa a kaset. Wasan dandamali muke yi a makarantu da wuraren taro. Da aka dakatar da rigakafin shan-inna a jihar daga 2003 zuwa tsakiyar 2004, sannan aka dawo da shi, sai ƙungiyoyi irin tamu suka samu aikin wayar da kai. A ɗora mu a bayan mota a kai mu ƙauye ranar kasuwa, mu yi wasa a kan allura ko a kan ƙanjamau, a ba mu na sabulu. Wallahi waɗannan shekarun na fi jin ni mutum ne. Ni ke ɗinka kayan wasa tun daga rawanin hakimi har tsumman mahaukaci. Ni ke yi wa 'yan mata kwalliya, ni ke koya musu taku idan akwai rawa, domin kunnena yana jin kalangu fiye da na kowa a wurin.

A kan dandamali kuwa rawa ɗaya ce tawa. Duk wasan da aka rubuta sai an saƙala ɗan daudu a ciki, kawalin da ke hure wa matar aure kunne, kuma ni ne. In fito ina karairaya, fili ya ɗauki shewa. Ƙarshensa biyu ne: ko a kama shi a lakaɗa masa duka jama'a na tafi, ko ya tuba ya yi murya irin ta maza. Na taɓa roƙon ciyaman ya ba ni malamin asibiti ko da sau ɗaya ne, sai ya yi dariya ya ce, "Haba ƙanena, wa zai yarda da allurarka?" Ni ma na yi dariyar. Idan an buga fosta, za ka ga sunan marubuci da mai ba da umarni da 'yan wasa har da mai janareto, ba za ka ga nawa ba. Wai don kada gidanmu su gani. Na daɗe ina ɗaukar hakan a matsayin rufin asiri.

A 2007, da aka yi rikicin nan da ya sa aka dakatar da ɗaukar fim a Kano na wasu watanni, mu ma muka sha jinin jikinmu. Aka rage rawa, aka ƙara wa 'yan mata tsawon mayafi, aka ce in daina zama a cikinsu lokacin hutu. Ƙura ta lafa, muka ci gaba.

Wadda ba ta lafa ba ita ce ta Janairun 2014, watan da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a dokar hana auren jinsi. Mutane sun fi riƙe shekara 14 da aka yanka wa masu auren. Abin da ya taɓa irinmu shi ne ɗaya sashen, shekara 10 ga duk wanda ya kafa ko ya shiga ƙungiyar irin waɗannan mutane, ko ya goyi bayan taronsu. Ni ban taɓa jin mai harka, kamar yadda irinmu ke kiran junansu, ko ɗaya a Kano da ke neman a ɗaura masa aure ba, abin da muke nema a bar mu mu ci abinci. Amma daga ranar duk mai zauren taro, duk shugaban ƙungiya, ya fara waige. A watan ne kuma aka ji yadda jama'a suka yi ta jifan wata kotun shari'a a Bauchi inda ake tuhumar wasu maza.

Wata Asabar bayan rihazal, a zauren wata makarantar kuɗi da ke ba mu aro, ciyaman ya ce, "Ƙanena, zo mu ɗan zanta." Ya ja ni bayan aji ya fara da rantsuwa, wallahi tallahi shi ba shi da komai da ni. Mahaifin ɗaya daga cikin 'yan matan ne ya zo ya ce ko a cire ɗan daudun nan ko ya janye 'yarsa, kuma zai kai magana gaba. Mai makarantar ma ya ji, ya ce ba ya son fitina a harabarsa. Na ce, "Ciyaman, me aka ce na yi?" Ya ce ba a ce na yi komai ba. Gaskiyarsa, ba wanda ya taɓa kama ni da kowa. Muryata ce shaidar, muryar da suka yi shekara goma sha suna sayar da tikiti da ita.

Sai ya kawo abin da yake gani alfarma ce. In zauna a gida, za a riƙa aiko mini da yadi da awo, in ɗinka, a biya ni kamar da. Na koma cikin zauren in ɗauki jakata, kowa ya san abin da aka faɗa mini, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Yarinyar da na koya wa taku tun ba ta bambance dama da hagu ba, ita ma haka. Uban nan ban riƙe shi a zuciya ba, bai san ni ba, 'yarsa yake tsoro wa. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa.

Na karɓi tayin, don ina bukatar kuɗin. Wani yaro almajirin ƙungiyar ke kawo mini yadi a leda a bayan keke, da awo a takarda. Rannan ya nuna mini sabon wasansu a waya. Ga rigunana a jikin kowa, ga kuma wani sabon ɗan daudu a fili, wani saurayi da na sani sarai, yana tafa hannu irin nawa, yana jan "wayyo ni" daidai yadda nake ja. Ni yake kwaikwayo, fili kuma na ta shewa. Daren nan ban runtsa ba. Da safe na ce wa yaron kada ya sake kawo leda.

Magana ba ta kwana a cikin birni. Ta isa kunnen babban yayanmu, aka yi zama, aka yi faɗa, aka kawo zancen aure, aka kawo na ruƙiya. Abin da Yaya ya faɗa a zauren gidanmu ba zan maimaita ba, yana da rai kuma ina fatan mu gana wata rana. Umma ba ta ce uffan ba sai da dare. Ta kira ni ɗakinta ta ciro kuɗin adashinta daga ƙasan adaka, ta ce, "Auta, ka je wani wuri ka sha iska har gari ya yi sanyi." Ba ta tambaye ni ko gaskiya ne ba, har ta koma ga Allah ba ta tambaya ba.

Na yi zaman Agege ina ɗinki a shagon wani. A nan wata Hajiya 'yar kasuwa ta ɗauke ni telanta, da za ta aurar da 'yarta a Landan a 2017 ta nema mini biza na bi ta don gyaran kayan biki. Aka gama biki, ban koma ba. Na je ofishin shige da fice da ke Croydon, a Landan, na nemi mafaka.

Mai neman mafaka a Birtaniya ba ya zaɓen garin da zai zauna, ba a kuma yarda ya yi aiki ba. Aka tura ni gefen Manchesta, ɗaki ɗaya a gidan da muke mu da yawa, kowa da harshensa, ana sa mana fam 37 da 'yan kai a kati duk mako. Lauyata ta bayyana mini cewa tun 2010 kotun ƙolin ƙasar ta yanke, a shari'ar wani ɗan Iran da wani ɗan Kamaru, cewa ba za a mayar da mutum gida a ce ya je ya ɓoye halinsa don ya tsira ba. Sai dai kafin nan dole ka gamsar da su cewa haka kake. Ka ji ikon Allah: mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana ɓoyewa, yau an zaunar da shi gaban baƙo da tafinta ana neman hujja. Watannin jiran nan su ne mafi duhu a rayuwata. Sanyi, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, rana ta faɗi tun kafin ƙarfe huɗu, hannuna da ya saba da almakashi yana zaune kawai.

Wata mai aikin sa kai a inda muke karɓar abinci ta ga yadda na gyara zif ɗin rigar sanyina, ta ce akwai wata cibiyar fasaha ta unguwa da ke da ajin ɗinki ranar Talata, kyauta, har kuɗin bas suke mayarwa. Ba don fasaha na je ba, na je ne don ɗumi da kuɗin bas ɗin. Wurin tsohuwar masaƙar auduga ce ta jan bulo, irin waɗanda suka cika garin. A nan na ji cewa atamfar ABC da Umma ke ajiyewa a ƙasan adaka sai ranar biki, a Hyde aka riƙa buga ta, nan kusa da mu, kafin a mayar da aikin Ghana. A ƙasa masu zane da masu ginin tukwane, a sama masu kiɗa da wasan kwaikwayo, mu kuma a wani dogon ɗaki mai kekuna jere. Ranar da na ɗora ƙafa a kan keke na ji ƙararsa, sai da na shiga banɗaki na wanke fuska.

A bakin ƙofa akwai takarda cikin harsuna da yawa, cewa ba a wulaƙanta kowa a nan saboda launinsa ko addininsa ko nakasarsa ko wanda yake so. Daga baya na san ba kirkinsu kaɗai ba ne, dokar daidaito ce ta 2010, wadda ta lissafa abubuwa 9 da ba a yarda a nuna wa mutum bambanci a kansu ba, addini na ciki, wanda zuciyarka ke so ma na ciki. Na karanta ban ɗauke ta a bakin komai ba. Mu ma a kundin ƙungiyarmu an rubuta cewa duk membobi 'yan uwan juna ne. Don haka na sa muryar maza, na tattare hannuwana, ina ɗinki ba na hira.

Wata tsohuwar Baturiya ce ke zama kusa da ni, tana ɗinka manyan tutocin zanga-zanga irin na ƙungiyoyin ƙwadago. Duk yamma wata tsohuwar ke zuwa ɗaukarta, rannan ta ce mini matarta ce, kamar mai cewa ga maƙwabciyata. Ita ta ba ni labarin da ya gyara mini tunani a kan ƙasar. A 1988 gwamnatin Margaret Thatcher ta yi dokar da ake kira Sashe na 28, wadda ta hana ƙananan hukumomi duk abin da za a ce tallata irin rayuwarsu ne. Ƙananan hukumomin nan kuwa su ke riƙe da makarantu da ɗakunan karatu, su ke ba cibiyoyi irin tamu kuɗi, don haka kowa ya shiga taitayinsa. A Fabrairun shekarar mutum kusan 20,000 suka yi maci a Manchesta, tana cikinsu. Ba a soke dokar a Ingila ba sai 2003. Wato lokacin da nake ɗaura zanin Umma ina tashe, su ma a nan shugabannin wurare suna jan mutane bayan aji suna cewa wallahi ba su da komai da su.

Sannu a hankali na saki jiki, wanda ya saki jiki kuwa hannunsa ma sakewa yake. A ajin akwai wata Hajiya Bahausar Kumasi, 'yar Zango, da ƙawayenta. Da ta ji ina waya da Hausa ta yi murna ƙwarai, tana kirana Ɗan Kano, tana kawo mini tuwo a kula. Rannan wani abu ya ba ni dariya na manta kaina, na tafa hannu na riƙe haɓa. Na ga fuskarta ta sauya. Baturen da ke wurin bai ga komai ba, amma ita ta san abin da ta gani. Ta ce a hankali, "A'uzubillahi. Har nan ma?"

Mako na zagayowa shugabar wurin ta ce tana son magana da ni. Kafin ta buɗe baki na riga na san zancen, har na shirya amsa. Ta ce matan sun zo sun ce ko ni ko su. Na ce ba komai, a mayar da ni wata rana daban, ko in riƙa ɗaukar aiki ina yi a gida, na saba. Ta dube ni ta ce, wa na zaga? Na ce babu. Wa na taɓa, wa na yi wa maganar banza? Na ce babu. Ta ce to a kan me ni zan matsa? Ta kira ni ne don in ji daga bakinta kafin in ji a wani wuri, kuma ranar Talata kekena yana nan.

Abin da ta faɗa wa matan na ji shi daga baya. Ba ta ce musu haka nake ba, ba ta ce ba haka nake ba, ta ce wannan ba nata ba ne balle ta ba su. Ba ta kore su ba, ba ta ce musu jahilai ba, ba ta taɓa addininsu ba. Ta tuna musu akwai ajin mata zalla a wata ranar ga mai so, amma na Talata na kowa ne, kuma da wani ne ya zo ya ce ba zai zauna da mai hijabi ba, amsar da zai samu ke nan. Kusan rabin ajin suka daina zuwa. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, domin irin waɗannan wurare da yawan masu zuwa suke kai rahoto ga masu ba su kuɗi, ta kuma san haka sarai. Na yi makonni ina jin nauyin kujerun nan da babu kowa, ina jiran ranar da za ta sake lissafi. Ba ta sake ba.

Ni a wurina nan ne ake gane wuri. Takardar bango da tutar bakan gizo a taga ba su da tsada, kowa na iya liƙawa. Sai ranar da wani ya ce ko ni ko shi, kuma mai maganar ya fi ka jama'a, ya fi ka amfani a lissafi. Ciyamanmu na Kano ba mugu ba ne, kuma ban manta cewa shi doka tana bayansa da sanda, shugabar cibiyarmu kuwa doka tana gefenta ba. Amma tambayar nan, me ya yi, ba ta fi ƙarfinsa ba. Ni na yi masa ita, shi bai yi wa kowa ba.

Ana saura kwanaki babbar salla sai ga Hajiya da shadda a leda. Ta rasa mai yanka wa ɗanta kaftani yadda ake yi a gida. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ɗan Kano, ina kwana." Na ce, "Lafiya lau, Hajiya, ya yara?" Ta ce, "Ni dai ka sani ban yarda da abin da ake cewa ba." Na ce, "Hajiya, ai ban kawo miki shi ba. Kawo shaddar mu gani." Har yau ba ta yarda ba, kuma har yau tana zuwa ranar Talata. Wasu ƙawayenta sun dawo, wasu ba su dawo ba. Tuwon dai bai dawo ba.

Kada mai karatu ya ɗauka na faɗo aljanna. Akwai wata wariyar da ke zuwa da murmushi. Wata shekara a Makon 'Yan Gudun Hijira, wanda ake yi a watan Yuni, wasu masu shirya wasa a wani wuri daban suka gayyace ni in ba da labarina a dandamali. Na rubuta musu tashe da keken Umma da rumfar uwar ɗakina. Suka tsallake duk wannan suka ce in ƙara bayani a kan jifa da bulala. Na ce ni ba a jefe ni ba, korata aka yi da rantsuwa da ladabi. Na ga ransu bai so ba, labarin bai kai yadda suke bukata ba. Suna kuma son fuskata a fosta da Facebook, ba su san cewa kafin la'asar hoton zai isa WhatsApp ɗin unguwarmu ba. A Kano an ba ni rawar da za a yi mini dariya, a nan an ba ni wadda za a yi mini kuka, duk biyun wani ne ya rubuta. Na ce musu a kai kasuwa.

Haka wani a cikin irinmu, Bature, ya gan ni na fito daga ɗakin ajiya da dardumata, ya ce yana mamakin yadda nake salla bayan abin da addinin ya yi mini. Na ce masa ba addini ne ya aiko mini da leda a bayan keke ba. Sau da yawa kuma idan za a yi taron masu harka, a mashaya ake yi a titin Canal, ko da azumi ne. Wanda ba ya shiga mashaya an bar shi a waje ke nan ba tare da an ce masa kada ya zo ba.

An ba ni takardar zama ta shekara 5 dab da kullen korona na 2020. Muka kwashe kekuna zuwa gidaje muna ɗinka takunkumi da rigunan ma'aikatan asibiti. A shekarar da ta biyo Umma ta rasu. Takardar tafiye-tafiyen ɗan gudun hijira tana kai ka ko'ina ban da ƙasarka, don haka a waya na ji, daga bakin yayata mace, ita kaɗai ce ba ta yanke ni ba. Na yi mata salla ni kaɗai a ɗaki. Ranar Talata na je aji don ban san inda zan sa kaina ba. Hajiya ta ji, ta zo ta zauna ta yi mini gaisuwa cikakkiya irin ta gida, ta yi wa Umma addu'a mai tsawo, ta tashi ta koma kan kekenta.

Yanzu ni ke koyar da ajin, ana biyana, makullin ɗakin yana aljihuna, ina kuma cikin kwamitin wurin. A nan nake ta fama da su a kan ƙananan abubuwan da Bature ba ya gani. Na sa an kawo jan igiyar wuya ga wanda ba ya son a ɗauke shi hoto, ba sai ya faɗi dalili ba. Na sa an daina neman sunan da ke kan katin shaida a takardar rajista, mutum ya rubuta wanda yake so a kira shi da shi. Maganar kuɗin bas kuwa duk shekara sai an kawo a yanke, duk shekara sai na tashi tsaye. Kayan da ajinmu ke ɗinka wa masu faretin gari, sunan kowa yana fita a takarda, sai wanda ya ce a cire nasa.

Kwanakin baya saƙon murya ya shigo mini daga lambar Najeriya. Yaron nan ne mai keke, ya girma, yanzu shi ke riƙe da wata ƙungiyar wasa tasa. Ya ce, "Yaya, ina da wani yaro mai yi mana kwalliya, irinka ne sak, kuma wani uba ya fara magana." Na daɗe kafin in amsa, domin dokar 2014 tana nan daram, ni ina nan cikin ɗumi, shi zai kwana a garin. Na ce masa kada ya yi wa kowa lacca, kada ya sa wa abin suna. Ya tambayi uban, cikin ladabi, me yaron ya yi. In an kawo laifi a duba kamar na kowa, in ba a kawo ba ya ce shi ba ya korar mutum a kan murya. Na ce kuma ya daina sa shi fitowa a ɗan daudu, ya tambaye shi ko yana son sunansa a fosta. Ya ce, "Yaya, ka san garin nan fa." Na ce na sani.

Uban ya janye 'yarsa. Yaron yana nan yana kwalliyarsa, ya ce a sa sunan. Mai zauren da suke aro bai ce komai ba tukuna, wasansu na gaba kuma sai bayan ƙaramar salla.